Yadda Hakimi Zai Gane Amfanin Awon Lafiya Na Kyauta

Awon lafiya shi ne a duba mutum yana garau, don a gano cutar da ta ɓuya a jikinsa tun ba ta kayar da shi ba. Hawan jini da ciwon sukari suna cikin irin waɗannan, gama sukan daɗe suna ɓarna mai su bai sani ba. Saboda haka ne akan kira jama'a zuwa ƙaramin asibitin gunduma, a auna su kyauta.

To, amma yawan waɗanda suka hallara ba shi ne ma'aunin aikin ba. Kadan an gano cuta ba a kai mai ita ga magani ba, an yi taron tsintsiya ke nan, ba shara. A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga ƙa'idodi goma na wannan aiki, waɗanda likitoci biyu, Wilson da Jungner, suka tsara. A ciki an ce kada a nemi cuta sai akwai maganinta da wurin yinsa, kuma awo ya zama aikin kullum, ba na rana guda ba.

Don haka ya kamata magatakarda ya karɓo wa hakimi lissafi huɗu daga malamin asibiti:

1. Mutum nawa aka auna, maza nawa mata nawa, kuma daga waɗanne ƙauyuka? Watakila mutanen nesa ba su sami zuwa ba.

2. Nawa aka sake aunawa? Ba a tabbatar da hawan jini sai awo ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku biyu dabam dabam.

3. Nawa suka soma shan magani, kuma akwai shi a asibitin?

4. Nawa suka ɗore? Maganin tarin fuka, alal misali, wata 6 ake sha, wanda kuwa ya yanke shi tun wa'adi bai cika ba cutar na iya komo masa da ƙarfi.

Adadi kaɗai za a rubuta, ban da sunaye, gama cutar mutum asirinsa ce. In lissafin na uku da na huɗu suka yi ƙasa ƙwarai, lalle hakimi ya tara dagatai da malamin asibiti a binciki dalili, ko nisan hanya ne, ko tsadar magani, sa'an nan ya kai rahoto ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma kafin a sake kiran jama'a.