Haƙoran Yaro da Abin da Ke Cinsu

Ya kai mai karatu, ka sha jin ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori. To, ba tsutsa ba ce. Akwai waɗansu ƙwayoyin cuta a bakin kowa, ido ba ya ganinsu, abincinsu kuwa sukari ne. In yaro ya sha alewa ko lemon kwalba, sai su ci abin da ya maƙale, su fid da wani ruwa mai tsami. Tsamin nan shi ke zaizaye haƙori kaɗan kaɗan har ya yi kogo. Miyau yakan wanke shi, amma sai ya sami lokaci. Saboda haka alewar da aka shanye bayan cin abinci ba ta kai ɓarnar wadda aka yini ana tsotsa ba. Mafi muni kuwa, a kwantar da jariri da bulumboti mai zaƙi a baki.

Haƙoran yarinta 20 ne. Kada ka ce ai za a yi famfara su zube. Su ke tsare wa manya gurbi, kuma mai ciwon haƙori ba ya cin abinci, ba ya barci. Ga wani abu kuma: wajen shekara 6 turame huɗu sukan fito can ƙurya, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna zato na yarinta ne, alhali ba su da magaji.

Da zarar haƙorin farko ya ɓullo, wajen wata 6, ka soma goge masa sau biyu kowace rana, da man da ke da fulorayid, watau sinadarin da ke ƙarfafa haƙori. Kafin shekara 3 man ya zama kamar ƙwayar shinkafa, daga nan kamar ƙwayar wake. Ya tofar, kada ya kurkure. Na dare shi ne babba, domin miyau yana raguwa cikin barci.

Ka riƙa ɗaga leɓensa kana dubawa. In ka ga farin tabo kusa da dasashi, kai shi wurin likitan haƙori. Zai shafa magani, ɓarnar ta tsaya. In ya riga ya yi kogo, sai a share a cike. In kumatu ya kumbura, ga zazzaɓi, to, kada ya kwana bai ga likita ba.