Darasi: Tafiya ko Zaman Gida?

Da zarar an kai gero rumbu, sai matasanmu su fara ɗaure kaya. Waɗansu cin rani za su Kano ko Legas, waɗansu kuwa Libiya ko Aljeriya suke hange. Iyaye sukan tambaye mu: mu hana su ne, ko mu sa musu albarka? Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi. Shi ne kuma ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mu ɗauki misalin Zango ta ƙasar Daura. Ma'anar sunan ita ce masaukin ayari, kuma fataken goro sun kai kalmar har Kumasi da Akara, inda ake kiran unguwannin Hausawa da ita. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Daura sun rasa birninsu, daga bisani suka kafu a Zango. Kimanin shekara ɗari zuriyarsu ba ta cire rai ba, har Malam Musa ya koma gadon sarautar Daura a 1906. Tilas ce ta fitar da su, amma zuciyarsu tana gida.

Littafi Mai Tsarki bai haramta tafiya ba. Ibrahim ya bar Haran yana da shekara 75 domin Allah ya kira shi (Farawa 12). Yusufu ya gudu da Maryamu da Jariri zuwa Masar domin ceton rai (Matiyu 2), sa'an nan suka zauna a Nazarat, ƙaramin garin da Ubangijinmu ya girma a cikinsa bai raina shi ba. Amma ɗan nan na cikin Luka 15, sha'awa ce ta kore shi, ya ƙare da kiwon aladu. Wansa kuwa, ko da yake bai motsa ba, ya zauna da ɗacin rai. Ashe ba kowane mai zaman gida ke da wadar zuci ba.

Hanya tana da haɗarinta. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, maƙwabtanmu na tsallaken iyaka. Motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Ba mu zarge su ba, gama talauci ne ya tura su. Amma wajibi ne Ikilisiya ta tambayi kanta abin da take yi domin zaman gida ya yiwu.

Tambayoyin da za mu tattauna a ƙungiyoyinmu:

1. Bukata ce take jan mu, ko kuwa kwaɗayin abin da wani ya dawo da shi?
2. Wa zai kula da tsofaffi da yaran da za mu bari?
3. Wace sana'ar rani za mu iya koya wa matasanmu a gida?

Ya Ubangiji, ka kiyaye matafiyanmu, ka ba mazauna gida wadar zuci. Amin.