Me Ke Sa Kuɗin Dakon Ɗanyen Mai Hawa da Sauka?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ne ya aiko da wannan tambaya.

To Malam, ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne nisan tafiya. Tun ƙarshen 2023 da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai hari a Bahar Maliya, jiragen ruwa da dama suka bar hanyar mashigin Suez, suna zagayawa ta kudancin Afirka. Kwanaki suka ƙaru, jiragen haya suka yi ƙaranci, kuɗi ya tashi.

A 2020 kuwa, lokacin korona, mai ya yi kwantai, 'yan kasuwa suka mayar da manyan jirage masu cin ganga miliyan 2 rumbunan ajiya a kan ruwa, hayar wasu ta haura dala 200,000 a rana. Amma in ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai ta OPEC ta rage haƙo mai, kaya ya yi kaɗan, sai haya ta faɗi.