Darasi: Wa Zai Kula da Mai Jinya?

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21, Galatiyawa 6:2

'Yan'uwa cikin Almasihu, a ikkilisiyoyinmu na Jalingo akwai iyaye da ke makokin ɗan da bai mutu ba. Yana cikin gida, yana ci, yana sha, amma ya zama kamar baƙo. Yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, yana zargin mahaifiyarsa da sa masa guba a tuwo. Likitoci na kiran wannan cuta sikizofireniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun mutum fiye da miliyan 20, kuma takan fara ne a ƙuruciya, daidai lokacin da iyaye suka ɗora buri a kan yaro.

Baƙin cikin da ba a yi wa ta'aziyya

In an yi rasuwa, zumuntar mata sukan cika gida. In hankali ne ya taɓu, sai ƙafa ta ɗauke. Mai jinya takan sha kunya, da fushi, da zargin kai, har ta ɓoye hawayenta kada a ce bangaskiyarta ta raunana. Wannan baƙin ciki ba zunubi ba ne.

Dubi Iliya

Annabin ya gaji har ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai fara da tsawatawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi sau biyu, daga baya ya ba shi Elisha ya taimake shi.

Abin yi

1. A kai mara lafiya asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Kada a daina magani don an ga sauƙi, gama ciwon yakan dawo.
2. Kada a ɗaure shi da mari ko a doke shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncinsa.
3. Dangi su yi jinya bi da bi, dattawan ikkilisiya kuma su riƙa ziyara, domin mai jinya ta sami hutu.

Tambaya: Wane gida ne a unguwarku aka daina shiga? Wa zai je wannan mako?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ƙarfafa masu jinya, ka buɗe mana ido mu ga nauyinsu. Amin.