Darasi: Zaman Shawara na 'Yammata a Makaranta

Abin da za mu koya

A wannan darasi za mu duba abin da ake nufi da zaman shawara na 'yammata, da amfaninsa, da kuma abin da ƙungiyarmu ta manoma za ta iya yi a kai.

1. Ina matsalar take?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ce kowane yaro da yarinya a Nijeriya su sami karatun shekara 9 kyauta, watau firamare 6 da ƙaramar sakandare 3. Amma a ƙauyukanmu na ƙasar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, mun sani yarinya takan fara baya-baya da makaranta daidai lokacin da ta fara girma. Ranar Alhamis a aike ta talla kasuwar Maigatari. Da kaka ana bukatarta wajen riɗi da zoɓo. Akwai kuma abin da ba a gani da ido: kunyar jinin al'ada, tsoron yin magana a aji, ba'ar samari a hanya, da damuwar da ba ta da wanda za ta faɗa wa. Yarinyar da ta yi fashin kwana uku kowane wata, ba da daɗewa ba karatu zai wuce ta, sa'an nan ta ce ba ta so.

2. Mene ne zaman shawara?

Ƙaramin taro ne na 'yammata tsara ɗaya, kamar 15 zuwa 20, tare da mace babba mai hankali wadda iyaye suka yarda da ita. Sukan haɗu sau ɗaya ko biyu a mako, a aji bayan an tashi, ko a wani gida da aka amince da shi. Ba bulala, ba jarrabawa. A da'ira ake zama domin kowa ta ga fuskar 'yar'uwarta, kuma ba a yi wa kowa dariya.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta Zariya ta soma irin wannan aiki a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya tun wajen 2007, kuma takan fara ne da neman yardar iyaye, masu unguwa da malaman addini. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE domin karatun 'yammata a jihohi 7, da Kano da Katsina a ciki. A 2023 aka ƙara jihohi 11, har da Jigawa. Koyar da dabarun zaman duniya a irin wannan taro yana cikin shirin.

3. Me ake koya?

(a) Sanin zuciya. Yarinya ta iya bambanta fushi da tsoro da baƙin ciki, ta kira kowanne da sunansa. Wadda ta san abin da ke damunta ta fi iya neman taimako.
(b) Magana. Ta tashi tsaye ta faɗi ra'ayinta da ladabi, ta kuma saurari wata har ta gama.
(c) Cewa a'a. Su biyu sukan yi wasan kwaikwayo: ɗaya ta zama mai sayen tallan da ya ce a biyo shi ɗaki a karɓi kuɗi, ɗaya ta gwada amsar da za ta ba shi. Abin da baki ya saba faɗa ba ya wuyar fita ran da ake bukata.
(d) Sasanta rigima tsakanin ƙawaye ba tare da gaba ba.
(e) Tsabtar jiki lokacin al'ada, da yadda ake ajiyar kuɗi kaɗan-kaɗan.

4. Gargaɗi

Zaman shawara ba asibiti ba ne, ba kuma kotu ba. Ana riƙe asirin abin da aka faɗa, amma idan yarinya ta ce wani yana cutar da ita, lalle jagorar ta kai maganar ga iyaye ko wani babba amintacce, da shugabar makaranta, da hukuma. Jihar Jigawa tana da dokar kare yara tun 2021. A faɗa wa 'yammatan wannan ƙa'ida tun ranar farko, kada wata ta ga kamar an ci amanarta.

5. Aikin ƙungiyarmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da za mu iya yi ba sai mun jira kowa ba:
- Mu aiki mutum biyu, mace da namiji, su tambayi shugaban makaranta ko akwai irin wannan zama. In babu, su nemi a fara.
- Mu sanar da mai unguwa, da liman, da fasto. Zaman na dukan 'yammatan gari ne, Musulmi da Kirista.
- Matan ƙungiya su taimaka a zaɓi jagora, mai riƙon asiri, marar saurin fushi.
- Kowane gida ya saki 'yarsa awa biyu a mako, ko da lokacin girbi ne. Kada a sa zaman ranar kasuwa.
- Da kaka mu ware mudun riɗi ɗaya-ɗaya, a sayar a sayi tabarma, sabulu da audugar mata.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Manomi ya san dashen da ba a kula da shi ba a makonnin farko, ko an zuba masa taki daga baya ba ya kamo sa'o'insa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. 'Yammata nawa ne a gidajenmu suka bar makaranta bara? A wane aji, kuma don me?
2. Wa 'yarka take faɗa wa damuwarta?
3. Wane aiki ne za a iya ɗauke mata ranar zaman, wa kuma zai yi shi?
4. Su wa za mu aika makaranta kafin taronmu na gaba?