Gyaran Birkin Tsohuwar Mota Kafin Kaka

Ya kai manomi, kaka ta kusa. Idan ƙungiyarku tana da tsohuwar motar soja, irin su Bedford ko Land Rover, wadda ta yi damina a ajiye, kada ku ɗora mata buhu ko ɗaya sai an duba birkinta. Motar da ta tashi ba lallai ne ta tsaya ba. Kofofin birnin Zariya, kamar Kofar Doka da Kofar Gayan, wuraren cinkoso ne, ga yara ga masu babur. Mota cike da masarar da za a kai kasuwar Giwa, in birki ya ƙi, an yi asarar rai da ta dukiya.

Me ke lalata birki?

Man birki yana shan ruwa daga iska. Sabon mai irin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa yakan tafasa a wajen digiri 140. Da ya tafasa a gangara, sai direba ya taka ya ji fanko. Ruwan nan kuma yana sa tsatsa.

Abin da za ku yi

1. Ku ajiye mota a wuri mai lebur, ku sa weji a tayoyi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta in jak kaɗai ke riƙe da ita.

2. Ku duba bayan kowace taya. In akwai danshin mai, roba ta mutu, a sake ta.

3. Ku bi bututu da tiyo. Mai tsatsa ko kumburi a canja shi. Ba a ɗaure shi da tsumma.

4. Bakanike ya cire ganga ya duba takalmin birki. Kada a hura ƙurar da baki, domin tsofaffin takalma na ɗauke da asbestos mai cutar da huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

5. A zubar da tsohon mai, a zuba sabo daga rufaffen gwangwani. Kada a zuba baƙin mai ko kananzir, suna kumbura roba.

6. A fitar da iska. Mutum biyu ke wannan aiki, ɗaya na taka birki, ɗaya na kwance noti. Galibi ana farawa da tayar da ta fi nisa da tukunyar mai.

7. In motar mai birkin iska ce, a riƙa tsiyaye ruwan tankinta kullum.

Ka tuna

A sake man birki duk shekara 2. A gwada birki ba kaya kafin a yi lodi. A sauka gangara da ƙaramar giya. In gudu ya ninka, nisan tsayawa yakan ninka sau 4.

Kuɗin man birki bai kai na buhu ɗaya ba. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.