Ɗan Kyanwa Mai Naƙasa: Amsa ga Wata Baiwar Allah daga Mabera

Wata baiwar Allah daga unguwar Mabera ta aiko mini da takarda, tana cewa ɗanta ya komo daga makarantar allo da ɗan kyanwa a cikin hularsa, wanda ya tsinta a gindin wata rumfa, idanunsa biyu a liƙe da kwantsa, kuma in ya tashi tafiya sai ya yi ta tangaɗi kamar wanda jiri ke ɗiba, ya faɗi ya tashi. Maƙwabta sun ba ta shawara ta mayar da shi inda aka ɗauko shi, waɗansu suna cewa taɓin iska ne, waɗansu kuwa suna cewa irinsa ba ya rayuwa, ita kuma zuciyarta ta ƙi amincewa. Tana tambaya ko akwai abin yi.

Malama, akwai abin yi, kuma mafi yawansa a hannunki yake. A abin da na sha gani, makanta ko gurgunta ba safai suke kashe ɗan kyanwa ba. Sanyi ke kashe shi, da yunwa, da madarar da ba ta dace da cikinsa ba, da kuma magungunan da masu shi ke ɗura masa da kyakkyawar niyya.

A Ingila akwai gidajen da aka keɓe domin tsintattun dabbobi, kamar na Battersea a birnin Landan, wanda aka kafa a 1860 domin karnuka, sa'an nan ya fara karɓar kyanwoyi a 1883, inda likita zai duba dabba, ya yi mata rigakafi, kafin a miƙa ta ga mai son riƙo. Tun kafin wannan da ƙarnuka, masu tarihi sun ambaci cewa Sarki Baibars, wanda ya mulki Misira daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Mu a Sakkwato ba mu saba da irin waɗannan gidaje ba, mussarmu tana haihuwa ne a bayan rumbu, ko cikin silin, ko ƙarƙashin teburin mahauta, saboda haka aikin da wancan gida zai yi kafin ya ba ki ɗan kyanwa, ke ce za ki yi shi da kanki.

Game da maganar iska da camfin da ake yi wa mage, ya ishe ki abin da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa yadda Abu Ƙatada, Allah ya yarda da shi, ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, ya kafa hujja da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore mata najasa, ya lissafa ta cikin masu kai da komo a gidajenmu. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Abin da nake so ki lura da shi a hadisi na biyu shi ne tsarewar, domin daga ranar da kika shigar da wannan halitta ɗakinki, alhali ba ta iya farauta ba ta iya gudu, ta zama amana a wuyanki, kuma ya kamata ku yi shawara da maigida tun yanzu, tun da kyanwar da aka kula da ita tana iya kai shekara 12 ko fiye.

Farkon abin yi shi ne ɗumi, kafin abinci. Ɗan kyanwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya kai mako 3 zuwa 4, kuma idan aka ba shi madara jikinsa na sanyi, cikinsa ba ya narkar da ita. Ki taɓa tafin ƙafarsa da kunnensa, in kin ji sanyi, ki zuba ruwan ɗumi a gora, ki naɗe ta da tsumma, ki ajiye a gefe ɗaya na kwali domin ya matsa kusa ko ya ja baya yadda ya ga dama. Wannan ya fi zama wajibi a dararen hunturu, a Disamba da Janairu. A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, haɗarin yakan juya, sai a nema masa inuwa da ƙasa mai sanyi, kada a bar shi a ɗakin kwano da rana tsaka.

Nonon shanu yana sa shi zawo, madarar gwangwani mai sukari ta fi muni, zawo kuwa ga halittar da aka haifa da nauyin kusan giram 100 ajali ne na kusa. Akwai madarar gari da aka haɗa musamman domin 'ya'yan kyanwa, ki tambaya wajen masu sayar da magungunan dabbobi. Kafin ki samu, dafaffen nonon akuya da aka kaɗa da ɗan gwaiduwar ƙwai zai riƙe shi kwana ɗaya ko biyu. Ki ba shi da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, yana kife a kan cikinsa kamar yadda yake shan uwarsa, domin in kika rungume shi rigingine irin na jariri, madarar za ta bi ta huhu. Bayan kowane sha, ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa masa ƙarƙashin wutsiya a hankali har ya yi fitsari, aikin da uwarsa ke yi da harshe ke nan, kuma ba ya iya yi da kansa sai wajen mako na 4. Mai lafiya yakan ƙara giram 10 zuwa 15 kullum.

Idon nan, galibi murar kyanwa ce ta sauka a kansa, wadda ba ta kama mutum. Ki tafasa ruwa ya huce, ki sa ɗan gishiri kaɗan, ki ɗora jiƙaƙƙiyar auduga a kan fatar idon har kwantsar ta yi laushi, ki share, kowane ido da tasa audugar. Kada ki ɓamɓare da ƙarfi, kada a sa masa kwalli, kada a ɗiga masa ragowar maganin idon wani a gida, domin waɗansunsu suna ƙara zurfafa gyambon da ke kan ƙwayar ido. Kwana biyu na jinkiri kafin likita ya duba idon na iya raba shi da gani. In ma ya rasa ganin, kada hankalinki ya tashi: na san wata makauniyar mage a wani gida a cikin gari, wadda ke fitowa daga ɗaki da asuba, gashin bakinta na shafar bango, ta kewaye turmi, ta tsallake kwata, ta zauna daidai inda uwargida ke tankaɗe, har baƙo ba ya gane ba ta gani sai an faɗa masa. Sharaɗin kawai shi ne a daina sauya wa kaya wuri, a rufe rijiya da randa, a kare murhu, a kuma yi mata magana kafin a taɓa ta.

Tangaɗin ya fi bukatar natsuwa. Kowane ɗan kyanwa yana tangaɗi a makonninsa na farko, kuma yunwa ko ciwon kunne na iya kawo shi. Amma idan ya wuce mako 6 yana yi, yana ware ƙafafu, kansa na rawa in ya nufi akushi, alhali yana ci yana wasa, to mafi rinjaye uwarsa ce ta kamu da cutar fanlukofeniya tana da cikinsa, cutar ta hana ɓangaren ƙwaƙwalwa na ƙeya, mai daidaita motsi, ya cika girma. Wannan naƙasa ba ta da zafi, ba ta ƙaruwa, ba ta yaɗuwa, ba ta kuma warkewa, sai dai ya koyi zama da ita. Ki shimfiɗa masa buhu ko tabarma inda farcensa zai kama, ki ba shi kasko mai nauyi wanda ba ya kifewa, da faffaɗan tire na yashi mai gajeren baki domin bayan gida.

Wajibi ne a rarrabe wannan da ciwon haukan kare, wanda ke kama kyanwa ma. Alamarsa ita ce dabbar da take lafiya ta sauya hali farat ɗaya, tana dalalar da miyau, tana cizo ba dalili, ko ƙafafunta su mutu cikin 'yan kwanaki. Duk wanda irin wannan ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ɗan kyanwarki kuwa a yi masa allurar rigakafin wannan ciwo in ya cika wata 3.

Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe babba. Haka Dettol, da otafiyafiya, da maganin kaskar karnuka, da albasa da tafarnuwa da ke cikin miyarmu. Idan ya fara ci, daga mako na 4, ki sani kyanwa maciyiyar nama ce ta asali: tuwo zalla yana hana ta wani sinadari mai suna taurin, rashinsa kuwa yana makantar da ita, tsokar nama zalla kuma tana raunana ƙashin mai tasowa har ƙafafu su lanƙwashe. Ki haɗa masa dafaffen ƙananan kifi da aka niƙa da ƙayarsa, da ƙwai, da nama, ba gishiri ba yaji. Mace mai ciki kada ta kwashe kashinsa, wani ya riƙa zubarwa kullum, yara kuma su wanke hannu bayan wasa da shi.

Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin dabbobi na jiha, gobe in Allah ya kai mu, da sassafe kafin rana ta yi zafi, a cikin kwali mai huji da tsumma a ƙasa. Ki gaya wa likita ranar da aka tsince shi, da abin da ya sha, da yadda kashinsa yake, ki roƙe shi ya duba idon da kunnen, ya ba shi maganin tsutsar ciki gwargwadon nauyinsa. Ki tafi da yaron da ya tsinto shi, a nuna masa yadda ake ɗiga maganin ido.